ZOƁON GIDAN WA KIKE SHA?

Yau hirar tamu a kan abin sha za ta tsaya, wato abin da muke tarar baƙo da shi, muke buɗa baki da shi da azumi, muke kuma ɗura wa 'ya'yanmu idan rana ta take. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne, amma bayan fuska da tabarma ai moɗa ce ke biyowa. A zamanin iyayenmu baƙo na yin sallama za a dama masa fura, in babu a ɗebo masa farau-farau mai sanyi. Yanzu kuwa sai ki ga uwargida ta kwance bakin zani ta tura yaro a guje ya sayo lemon kwalba, wai don kada a ce ta gaza. Tun 1953 aka fara ɗura Coca-Cola a ƙasar nan, kuma daga lokacin zuwa yau ya ci gari ya ci ƙauye, har ta kai wadda ta kawo wa surukarta zoɓo sai ta haɗa da ban haƙuri.

To shi ya sa na ga ya dace in yi mana bayanin wani ɗan shago da ke garin Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, in faɗi inda ya burge ni, in kuma faɗi inda ya gaza. Ba zan kama sunansa ba, domin ba talla aka ba ni ba, ba kuma tonon silili na zo yi ba. Irinsa sun fara yawa a garuruwanmu, don haka abin da na faɗa a kansa kowacce ta auna da na unguwarsu.

YADDA SHAGON YAKE

Shago ne ɗan ƙarami, ba ya wuce faɗin ɗakin amarya. Firji ɗaya ne a ciki mai aiki da sola, sai benci, sai kanta da aka jera ledojin busasshen zoɓo da aya da tsamiya da citta. Abin da ya bambanta shi da sauran shaguna shi ne babu lemon kamfani ko kwalba ɗaya a ciki. Duk abin da ke firjin nan daga hannun matan aure ya fito, waɗanda ke cikin gidajensu a garin da ƙauyukan kewaye. Kowace gora an manna mata 'yar takarda, an rubuta gidan da ta fito: wannan na gidan liman, wannan na gidan maƙera, wancan na gidan wanzamai, fura kuma daga wata ruga. Ba a rubuta sunan matar ba, kuma hakan daidai ne, tunda mu a al'adarmu ba a yawo da sunan matar mutum a kasuwa. Sunan gida ya isa a san wa za a yaba, wa kuma za a tuhuma.

Mai shagon saurayi ne mai fara'a. Da na ce ya ba ni zoɓo, sai ya ce, "Hajiya, na wane gida? Kala uku gare ni yau." Na ce, "Ikon Allah! Malam, zoɓon ma sai an zaɓi gida?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Hajiya hannu hannu ne. Bari in ɗan zuba miki kowanne ki ɗanɗana, wanda ya yi miki shi za ki biya." Wannan kalma tasa, hannu hannu ne, ita ce jarin shagon gaba ɗaya.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA RIGA MU GANEWA

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a duniya. A ƙasar Faransa akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai giyar inabi ta ƙananan manoma, kowace kwalba da sunan gonar da ta fito da shekarar da aka tsinke inabin, mai shago kuma ya san kowane manomi da halin ƙasarsa. Tun 1935 suka kafa dokar da ta hana a lanƙaya wa abin sha sunan yankin da ba a can aka yi shi ba. Kada wata ta ce na zo yabon giya, Allah Ya kiyashe mu. Giya haramun ce, shanta da sayar da ita da dakonta, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an hana cinikinta, mun kuma sha ganin Hisba na farfasa kwalabenta. Abin da nake so mu ɗauka shi ne hikimar da ke bayan cinikin: idan aka san mai abu, to mai abu zai ji kunyar yin algus, mai saye kuma zai yarda ya biya hakkin wahala. Su sun yi wa haram wannan gata, mu kuwa halal ɗinmu muna ƙulla shi a leda kamar abin sata.

Ki dubi aya, wadda muke raina wa. A yankin Balansiya na ƙasar Sifen kunun aya abin alfahari ne, suna kiransa horchata, har shaguna gare shi na musamman, ayar yankin kuma hukuma ta yi mata rajista da sunan garinsu. Da yake tasu ba ta isarsu, har daga Jamhuriyar Nijar ake kai musu, inda jihar Maraɗi ta yi suna wajen nomanta. Zoɓo kuma, wanda ɗan yakuwa ne da muke shukawa a gefen gona, a Masar da Sudan karkade ake ce masa, a Senigal bisaf, kuma ba a jin kunyar miƙa wa babban baƙo. Wanda manoman Jigawa da Kano da Katsina ke nomawa, buhu-buhu ake tara shi a kasuwar Dawanau, a loda a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, mafi yawansa ƙasar Meziko ya nufa. Wato abin da muke ba da haƙuri in mun kawo wa baƙo, shi wasu ke ƙetare teku su saya da dala. Mai abu da abinsa, bare da kallo, amma mu namu ya juye.

HUKUNCIN HARSHE

Bari mu koma kan kofunan nan uku. Zoɓon gidan liman shi ne gwani. Launinsa ja ne garau, in kin ɗaga gorar kina hango haske ta ciki. Tsaminsa na nan bai gudu ba, citta da kanumfari suna biye da shi a baya, ba su danne shi ba, sukari kuma daidai wanda zai rarrashi tsamin. Da gani an wanke zoɓon an fitar da yashi, kuma ba a bar shi ya daɗe a wuta ba, domin zoɓo in ya sha tafasa fiye da kima bauri yake yi, ƙamshinsa ya bi tururi.

Na gidan maƙera ya yi duhu kamar ruwan rini, kuma ba tsami ko kaɗan. Wannan aikin kanwa ne. Wasu mata kan jefa kanwa don ta kashe tsami su rage kashe kuɗin sukari, to amma kanwa na kashe launin, ta bar wani ɗanɗanon sabulu a ƙarshen harshe. Zoɓon da ba tsami ai jan ruwa ne kawai. In tsamin ne ya yi miki yawa, ƙara ruwa, ko ki dafa shi da ɓawon abarba da kika wanke tas.

Na ukun kuwa, wallahi ban san me zan kira shi ba. Ƙamshin filebo ya cika hanci tun kafin kofi ya iso baki, launin ya kama harshe ya ƙi fita, zaƙin kuma irin mai ɗaci-ɗacin nan ne da ke maƙalewa a maƙogwaro, alamar sakarin. Mai wannan zoɓo so take ta kwaikwayi lemon kwalba, sai ta saki reshe ta kama ganye: ba ta kai kamfani ba, ta kuma baro gida. Abin takaicin, mai shago ya ce shi yara suka fi saye. Wannan laifinmu ne iyaye, mu muka saba wa harshensu da zaƙin da ya wuce hankali.

Kunun ayar shagon ya yi kyau ainun. An jiƙa ayar ta kwana, an markaɗa da dabino da kwakwa, an tace da ƙyalle mai laushi, babu tsaki-tsaki, kuma zaƙin dabinon ya wadatar har ba a nemi sukari mai yawa ba. Kunun zaƙi shi ma na mai sani ne. Kin san sirrinsa ba a sukari yake ba: ana raba gasara biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, in ya ɗan huce a zuba ɗanyen da aka niƙa da busasshen dankali, a rufe ya kwana. Dankalin nan shi ke narkar da kaurin ya mai da shi zaƙi. Wadda ta iya wannan ba ta bukatar filebo.

Fura ce ta ba ni kunya. Furar kanta ta daku, ga yaji daidai, amma nonon tsararo ne, an sirka shi da ruwa an kaurara da garin kuka. Kindirmo na gaskiya sai an dafa madarar kafin a zuba mata iri ta kwana, kuma dafawar nan ba don daɗi kaɗai ba ce, ita ke kashe ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da ake iya ɗauka daga ɗanyar madarar saniya. Shagon da ke tinƙaho da sanin hannun kowa bai kamata a yi masa wannan sakiyar ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Yanzu ga manyan laifuffukan, waɗanda suka fi ɗanɗano muhimmanci, don su rai suke taɓawa.

Na farko, gora. Duk abin shan nan a tsofaffin robobin lemo da na ruwa ake ɗura shi. Na tambayi mai shago daga ina suke, ya ce yara ke kawowa ana saye. To yaran daga ina suka tsinto? Daga gidan biki, daga tasha, daga bola, wasu ma daga harabar asibiti. Wa ya san bakin da ya sha, wa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki, fetur ne ko maganin feshi? Ɗauraya da ruwan sanyi ba wanki ba ne. Ko dai a haɗa kuɗi a sayo sababbin robobi masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba, ana samunsu a kasuwannin Kano, ko kuwa kowacce mai saye ta zo da jug ɗinta daga gida.

Na biyu, ruwa. Zoɓo ana tafasa shi, amma sau nawa ake sirka shi da ɗanyen ruwan rijiya ko na 'yan garuwa bayan an sauke? Kunun aya ma ko wuta ba ya gani. Ƙanƙarar da ake jefawa kuma da wane ruwa aka yi ta? Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta kashe dubban mutane a Nijeriya, Kano da Jigawa da Bauci na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Sanyin firji ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake yi. Ruwan da za a yi abin sayarwa da shi a tafasa shi tukuna, ba wata doguwar magana.

Na uku, kwanan wata. Takardar ta faɗi gida, amma ba ta faɗi ranar da aka yi ba. Kunun aya in babu sanyi ko yini ba ya kaiwa yake lalacewa. Kunun zaƙi da zoɓo kuwa in suka kwana biyu a zafi, sai ki ga gora ta kumbura, kina buɗewa ta yi tsiit, kumfa na tasowa. 'Yar uwa, wannan kumfar ba ƙarin daɗi ba ce. Sukarin ne ya fara juyewa, kuma hanyar da burkutu ke bi ke nan kafin ya zama burkutu, shi ma ai daga dawa yake. Mace mai tsoron Allah ba ta sayar da abin da ya kama wannan hanya, ba ta kuma ba 'ya'yanta. A zubar, asarar gora ɗaya ta fi asarar lafiya da ta imani sauƙi.

Na huɗu, garin haɗi na kasuwa. A watan Maris na 2021 aka yi ta kwasar mutane zuwa asibitocin Kano suna amai suna fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Da hukumar NAFDAC ta bincika, sai aka gano garin lemo ne da wa'adinsa ya wuce, da wani sinadari mai guba da aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Waɗanda suka haɗa abin shan ba mugunta suka nufa ba, araha suka bi, ita kuwa araha ba ta ado. Duk garin da aka auno miki a leda, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, kada ya shiga tukunyarki. Ga tsamiya, ga lemon tsami, me ya kai ki?

Na biyar, sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason. To in zoɓonmu zai fi lemon kwalba zaƙi, ina amfanin baɗi ba rai? Ciwon sukari da hawan jini sun shigo ƙauye, ba na 'yan birni kaɗai ba ne yanzu. Ya kamata shago irin wannan ya riƙa ajiye marar sukari saboda tsofaffi da masu lalura. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini kuma su tambayi likita kafin su mai da zoɓo ruwan shansu, domin yana sauke jini.

HAKKIN MAI HANNU

Akwai wani laifin da ba a ganinsa a cikin kofi. Yadda cinikin yake, mace ce ke sayen zoɓo da sukari da itace da gora da kuɗinta, ta aiko, mai shago ya sayar ya cire ladansa, abin da ya yi kwantai kuma a mayar mata. Wato riba a raba, asara tata ita kaɗai. In girgije ya rufe rana firji ya huce kunu ya lalace, ita ce a ciki, alhali ba ita ke riƙe da firjin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci shi ne a yi magana tun farko: abin da ya lalace saboda sakacin shago, shago ya biya, abin da ya lalace saboda algus ko ƙazanta, mai shi ta ɗauka. Kuma a riƙa rubutawa a littafi, gora nawa aka kawo, nawa aka sayar, don yawancin matan nan ba sa fitowa balle su ƙirga da idonsu. Mata su ma su haɗa kai. Yadda muke adashin biki, haka za mu iya adashin sayen buhun zoɓo da kaka lokacin da yake araha, da sababbin robobi, har ma da firjin kanmu.

Duk da waɗannan laifuffuka, ba zan rufe ba sai na faɗi babban alherin shagon, wanda saboda shi nake roƙon Allah Ya raya shi. Kowace gora da ke cikin firjin nan, da a kan wata yarinya za ta kasance, cikin bokiti, tana zagaya tasha da bakin kasuwa tun hantsi har magariba. Mun san abin da talla ke jawowa: makaranta ta wuce ta, bakinta ya buɗe, ga 'yan iska masu sayen kunu ba don kunun ba. Shagon ya ɗauke wa yarinya bokiti, ya bar uwa da sana'arta a cikin ɗakinta da mutuncinta. Ko wannan kaɗai ya isa a yafe masa rabin laifinsa, a kuma taya shi gyara sauran rabin.

Saboda haka uwargida, in kin shiga irin wannan shago kada ki ji nauyin tambaya, kuɗinki ne kuma cikin 'ya'yanki ne. Na gidan wa ne? Yaushe aka yi? Da wane ruwa? Gorar sabuwa ce? Ki ɗaga ki duba, ki sansana, ki ɗanɗana. Wanda ya yi kyau ki yaba, ki aika wa mai shi da sannu, ki kuma biya ba tare da neman ragin da zai tura ta ga sakarin ba. Wanda bai yi ba ki gaya wa mai shago a asirce, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ke kuma mai yi, ki tuna sunan gidan mijinki ne manne a jikin gorar nan, kuma akwai ranar da za a tambaye ki abin da kika zuba a ciki. Ki yi wa ɗan wani irin wanda za ki ba naki.

Idan kuma surukarki ta zo, ki zuba mata zoɓo mai kyau a kofin tangaran ɗin nan da kika ɓoye a kabad, ki miƙa da hannu biyu, ba tare da ban haƙuri ba. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da cin haram da ciyar da shi, Ya ba mu lafiya da zama lafiya a gidajenmu, amin summa amin.